BMW 335i da aka ƙara wa ƙarfi tana zuƙe mai a gari: gyara, mayarwa yadda take, gas, ko mota ta biyu?

Motar da nake nufi ita ce BMW 335i ta shekarun 2007 zuwa 2010, mai injin nan da ake kira N54. Silinda shida ne a jere, lita 3, da turbo biyu, kuma daga kamfani tana fitowa da ƙarfin doki kusan 300. Samari da yawa suna sayenta 'yar Kwatano don an san injin yana karɓar ƙari cikin sauƙi. Sai a taɓa ƙwaƙwalwar motar, a cire indomi, wato matatar da ke tsabtace hayaƙi, a ɗaura salansa mai ruri, a sa manyan rim. A hanyar Kaduna zuwa Abuja mai ita ba ya kuka, don allurar mai tana sauka a hankali. Ranar da ya shiga gari kuwa, daga Hotoro zuwa Kantin Kwari da yamma, ko daga Mararaba zuwa cikin Abuja da safe, sai ya ga tankin da ke cin lita 60 da 'yan kai bai kai shi ƙarshen mako ba.

Kafin 29 ga Mayu 2023, lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, wannan abin hira ne kawai a majalisa. Da aka cire tallafi lita ta koma wajen 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da dama. Yanzu shan mai ya zama abin da ke raba mutum da motar da yake so. Hanyoyin da ke gabansa su ne ya gyara ta ya sassauta ƙarin da aka yi, ko ya mayar da komai yadda kamfani ya yi, ko ya juya ta zuwa iskar gas, ko ya ajiye ta ya nemi ƙaramar mota ta zirga-zirga, ko ya sayar. Ba daidai suke ba, kuma wadda ta fi kama da hikima a baki ba lallai ta fi a aljihu ba.

Amma kada ka zaɓi komai sai ka auna. Allon gaban mota yana ƙiyasta shan mai ne daga tsawon lokacin da nozul, wato bakin da ke fesa wa inji mai, ke buɗewa, don haka idan nozul na zuba ko an sauya lissafin ƙwaƙwalwa, abin da zai nuna maka zai iya kaucewa. Cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka mayar da ma'aunin tafiya sifili, ka yi zirga-zirgarka ta kullum, sannan ka koma famfo ɗaya a gidan mai ɗaya ka sake cikawa. Raba litocin da suka shiga da kilomitar da ka yi, ka ninka da 100. Yi haka sau biyu ko uku. Man 'yan bumburutu ba ya shiga wannan lissafi, don ba ka da tabbacin galan ɗinsu.

Da me za ka gwada abin da ka samu? Hukumar kare muhalli ta Amurka ta auna wannan mota tana sabuwa, ta ba ta mil 17 a galan cikin gari da mil 26 a babbar hanya. A namu lissafin, kusan lita 14 ke nan a kowace kilomita 100 cikin gari, lita 9 a doguwar tafiya. Wato tun ba a taɓa ta ba, ba mai tsimin mai ba ce. Kuma garin da suka auna da shi bai kai namu cunkoso ba. Injin irin wannan girma idan yana silo yana ƙona lita 1 zuwa 2 a awa, musamman da esi a kunne. A ce tafiyarka kilomita 12 ce, ta ɗauke ka awa guda, rabin awar kana tsaye a danja ko bayan 'yan A Daidaita Sahu. Tsayuwar nan kaɗai ta ci wajen kashi uku cikin huɗu na lita, wanda idan ka baza shi a kan kilomita 12 ya zama ƙarin lita 6 a kilomita 100. Ga nauyin motar, kusan kilo 1,600, da duk tashi sai an ƙona mai an tura shi, duk taka birki kuma wannan man ya tafi a zafi. Wannan kaso na gari ne. Babu bakaniken da zai cire maka shi.

Saura kaso biyu: na lalacewa, da na ƙarin da aka yi haɗe da ƙafar mai tuƙi. A nan zaɓi na farko yake, kuma a nan zan daɗe, don a ganina mafi yawan masu wannan kuka a nan maganinsu yake.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, ƙara ƙarfi ta ƙwaƙwalwa shi kaɗai ba ya sauya shan mai sosai idan kana tafiya a hankali. Muddin ba ka danne totur ba, injin yana bin abin da na'urar shaƙar hayaƙi ta gaya masa, yana riƙe awon iska 14.7 ga awo 1 na fetur, da ƙari ko babu. Bambancin yana zuwa ne idan ka taka. Daga kamfani turbo yana tura iska da matsin da ya kai wajen psi 8 zuwa 9. Na'urori da manhajojin ƙarin ƙarfi irin su JB4 da MHD suna kai shi 14, 16, har sama. Iska ta ƙaru, dole mai ya ƙaru, kuma a wannan yanayi ƙwaƙwalwa tana ƙara zuba mai fiye da awo don ta sanyaya cikin silinda. Motar da aka ƙara wa ƙarfi tana amsa ƙafa da wuri, ruri kuma yana da daɗin ji, shi ya sa daga wannan danja zuwa waccan mutum yake tashi kamar an kore shi, ya je ya taka birki a mita 300. Haka ma wanda ya saba barin giya a DS, wato giyar gudu, cikin gari, injin yana ta juyi a sama ba gaira ba dalili.

Akwai ƙari guda da nake ganin ɓarna ce zalla, wato harbin nan na tas-tas-tas da salansa ke yi idan an ɗaga ƙafa. Motar zamani idan ka saki totur tana cikin giya, ƙwaƙwalwa tana yanke mai gaba ɗaya har sai juyin inji ya sauko. Don a samu wannan harbi, sai an hana ta yankewa, a ci gaba da zuba mai, a jinkirta tartsatsin fulogi don man ya je ya fashe a cikin bututun hayaƙi. A babbar hanya sau nawa kake ɗaga ƙafa? A gari kuwa kowane minti. Man da aka saya da tsada ke nan ake ƙonawa a wajen inji, yana kuma gasa turbo. Kashe shi a manhaja ba ya cin ko sisi.

Sai batun ingancin fetur, wanda ke ruɗa mutane saboda lambobi. Manhajar da aka rubuta wa 91 ko 93, lambobin da ke nuna yadda fetur ke jure matsi, da ma'aunin Amurka take magana. 91 ɗin Amurka daidai yake da kusan 95 a ma'aunin RON da Turai da mu muke amfani da shi, 93 kuma wajen 98. Man da ke gidajen manmu bai kai nan ba, yawanci wajen 91 ne a RON. Mutum ya ga 91 a manhaja ya ɗauka namu ne, alhali an tsara ta ne don man da ya fi namu. Abin da ke biyo baya shi ne injin ya fara ƙwanƙwasa, na'urar jin ƙwanƙwasa ta sanar, ƙwaƙwalwa ta ja tartsatsi baya don kada fistin ya fashe. Tartsatsi a makare yana nufin kowane ɗigon mai yana ba da ƙarfi kaɗan, sai ka ƙara takawa. Haɗa wannan da zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato, da ya wuce digiri 40, motar tana tsaye a cunkoso iska ba ta ratsa na'urar sanyaya iskar turbo, ga matatar iska mai buɗaɗɗen kai da aka ɗaura a cikin bonet tana shaƙar zafin inji da ƙurar hunturu. Mai wannan mota ya biya kuɗin ƙarfin da ba ya samu, yana kuma biyan kuɗin man da ba ya aiki.

Ɓangaren lalacewa kuwa, N54 yana da wuraren da aka san shi da su. Nozul ɗinsa kai tsaye suke fesa mai cikin silinda da matsi mai yawa, kuma idan sun tsufa sukan riƙa zuba. Alamarsu ita ce kakkarwa idan an tayar da safe, fulogi ɗaya ko biyu su yi baƙi su jiƙe, baƙin mai kuma ya riƙa warin fetur. Famfon matsin mai ma ya yi suna, har a 2010 kamfanin ya kira motoci da dama a Amurka don a sauya shi. Sannan da yake fetur ba ya wanke bayan bawul ɗin shigar iska a irin wannan inji, baƙin gawayi yana taruwa a wurin har ya rage numfashi, sai an buɗe an kankare. Na'urar shaƙar hayaƙi ta gaba idan ta gaji takan sa a zuba mai fiye da kima.

Kan waɗannan kuma sai a ɗora abubuwa biyu da aka saba yi a garejinmu. Na ɗaya cire tamostat, wai don ƙasarmu da zafi. Injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa, ƙwaƙwalwa tana ɗaukarsa a matsayin wanda bai gama ɗumi ba, ta ci gaba da ƙara mai. A gajerun tafiye-tafiyen gari wannan ya fi ciwo, don kafin ya ɗumama ka isa. Na biyu cire indomi ba tare da gyara lissafin ƙwaƙwalwa ba. Fitilar gargaɗin inji sai ta kama ta zauna, mai mota ya saba da ita, ranar da wata matsala ta gaske ta zo babu abin da zai sanar da shi. Wata shida yana yawo da nozul mai zuba bai sani ba.

To zaɓi na farko shi ne ka kai ta wurin wanda ke da kwamfutar da ke karanta BMW da kyau, ba mai goge lambobi kawai ya ce an gama ba. A duba yawan gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa awon mai. Idan ya wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa, akwai magana. A duba zafin ruwa, a ciro fulogi shida a jera su a gani, a mayar da tamostat, a kashe harbin salansa, a sauko da manhaja zuwa mataki mafi sauƙi wanda man da kake samu zai iya ɗauka. Abin da zai fi cin kuɗi a nan nozul ne, don na asali suna da tsada ƙwarai kuma sai an shigar da lambobinsu a ƙwaƙwalwa bayan an ɗaura. Na jabu sun cika kasuwa, kuma araha ba ta ado a wannan wuri: wanda ya zuba da yawa zai iya wanke silinda ya kashe injin. Ribar wannan hanya ita ce motarka tana nan da yawancin daɗinta, kuma ko da daga baya ka yanke shawarar sayarwa, gyaran bai tafi a banza ba.

Zaɓi na biyu, mayar da komai yadda kamfani ya yi, yana da kyau a ido amma ribarsa a gidan mai ba ta kai yadda ake zato ba. Idan an riga an yi gyaran da na lissafa, abin da zai rage tsakanin manhaja mai sauƙi da ta asali ɗan kaɗan ne ga mai tuƙi a hankali. Inda za ka ga bambanci na gaske shi ne ƙafafu. Rim mai inci 19 ko 20 da faffaɗar taya sun fi na asali mai 17 ko 18 nauyi da jan ƙasa, kuma a tashi-tsaya na gari ne nauyin ke cin mai. Ramukan titunanmu ma ba sa raga wa siririyar taya. Mayar da indomi na asali kuwa kuɗi ne masu yawa, idan ma ka samu, don wanda aka cire tuni an sayar da shi saboda ƙarafa masu daraja da ke ciki. Amfaninsa shi ne hayaƙi mai tsabta, da rashin warin da ke shiga gida idan ka tayar a gareji, da fitilar gargaɗi da za ta koma aikinta. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, ni ina ganin darajarsu. Sai dai wanda ya yi haka da fatan ta koma shan mai irin na Corolla zai sha mamaki, don lita 14 ɗin nan ta kamfani tana nan tana jiransa. Wannan hanya ta fi dacewa da mutum biyu: wanda ya san ƙafarsa ba ta da haƙuri muddin ƙarfin yana nan, da wanda ke shirin sayarwa.

Gas fa? Tun da gwamnatin tarayya ta soma shirin CNG, wato iskar gas da ake matsewa a tukunya, a 2023 ake ta juya motoci, kuma ga masu tasi da bas abin ya yi musu rana. Ga wannan mota ban ba da shawara ba. Kayan juyin da suka yawaita an yi su ne don injin da ke fesa mai a bakin bawul. N54 kuwa kan nozul ɗinsa yana cikin wutar silinda, fetur ɗin da ke ratsa shi ne ke sanyaya shi. Ka yanke fetur ka koma gas, nozul mai tsadar nan ya gasu. Akwai kayan da aka yi musamman don irin wannan inji, masu ci gaba da ɗiga fetur kaɗan, amma sun fi tsada kuma suna son gwani na gaske, balle a kan ƙwaƙwalwar da aka riga aka taɓa. Tukunyar tana ɗauke da matsin bar 200, ƙarfe ce mai nauyi, za ta cinye but ɗin da dama ba shi da girma. Gidajen gas ɗin ma ba ko'ina suke ba a Arewa. Gas yana jure matsi fiye da fetur, wannan gaskiya ne, amma wannan alheri ɗaya bai biya sauran ba.

Yanzu mota ta biyu, wadda ita ce shawarar da manya suka fi bayarwa: ajiye wannan sai ranar Asabar, ka nemi Corolla. Bari mu ɗora ta a kan lissafi. Lambobin misali ne, kai ka sa naka. A ce kana yin kilomita 800 a wata cikin gari, lita kuma naira 900. Idan awonka ya nuna lita 22 a kilomita 100, kana ƙona lita 176, wato naira 158,400. A ce gyara da sassauta manhaja sun sauko da ita 16: lita 128, naira 115,200. Corolla mai injin 1.8 ta 2009 zuwa 2013, wadda aka auna da mil 26 a galan cikin gari, kusan lita 9 ke nan, mu ba ta 10 saboda cunkosonmu: lita 80, naira 72,000.

Dubi abin da ya fito. Gyara kaɗai ya rage naira 43,200 a wata. Sayen Corolla bayan gyaran ya sake rage wasu 43,200, wato 518,400 a shekara. Idan ka saye ta a miliyan 8, sai ka yi shekara 15 kafin rarar mai ta biya kuɗinta, ba a ma sa takardu da inshora da juyen baƙin mai na mota biyu ba. Ta fuskar mai kaɗai, ga mai irin wannan tafiya, ba ta fita.

Sai dai zan yi wa wannan zaɓi adalci, don mai ba shi ne duka labarin ba. Cunkoso da zafi su ne ke kashe famfon ruwa mai lantarki na 335i, su busar da robobi, su gajiyar da giya. Duk kilomitar gari da ka ɗauke mata, ka jinkirta wani gyara mai tsada. Corolla kuma ba ta faɗuwa a kasuwa, ranar da ka so kuɗinka za ka same su ko kusa da su, kowane bakanike ya santa, kayanta suna ko'ina daga Ƙofar Ruwa har Panteka. Ita ce ma ta dace da gas idan kana so. Kuma idan BMW ta kwana uku a gareji ana jiran kaya, yara ba za su rasa makaranta ba. Don haka idan tafiyarka ta gari ta ninka wadda na yi misali da ita, ko kana da iyali, ko aikinka ba ya jure a ce yau mota ta ƙi tashi, mota ta biyu ta fi, matuƙar kuɗin sayenta ba bashi ba ne. Wanda kuwa ofis ɗinsa ke kusa, kilomita 300 ko 400 yake yi a wata, ya bar wannan magana.

Sayarwa ba ta buƙatar dogon bayani. Idan kuɗin nozul shida na asali zai hana ka barci, motar ta fi ƙarfin aljihunka a yanzu, kuma babu abin kunya a ciki. Ka sani dai kuɗin da ka zuba a ƙari ba sa dawowa. Mai saye yana jin rurin salansa zai ɗauka an wahalar da injin, ya rage tayi. Gara ka cire kayan ka sayar da su daban, ka nuna motar a natse.

Ni da za a tambaye ni, ga wanda yake son motarsa kuma yana iya riƙe ta, zan ce ya fara da na farko, ya ara abu ɗaya daga na biyu, wato ya koma rim na asali. Ya yi wata biyu yana aunawa, giya a D, iskar taya daidai da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, esi a kunne don ba a zama a Kano babu shi, amma ban da barin mota tana silo rabin awa a ƙofar gida ana hira. Idan bayan haka awon ya tsaya tsakanin lita 15 da 17 a cunkoso, motar lafiyarta ƙalau, abin da take ci ke nan, sai ya duba ko zai iya. Idan har yanzu tana sama da 20 alhali ya san bai taka ba, akwai abin da ba a gano ba, kada ya sayi wata mota ko tukunyar gas a kan matsalar da ba a san ta ba.

Akwai gwaji ɗaya da za ka iya yi gobe da safe kafin ka je ko'ina. Wannan inji ba shi da sandar duba baƙin mai, a allo ake gani, don haka buɗe murfin da ake zuba man ta sama ka sunsuna. Idan warin fetur ya bugi hancinka, ko ka lura ma'aunin baƙin mai yana ƙaruwa maimakon raguwa, kada ka danne totur a ranar. Kai ta a ciro fulogi, wanda ya fito a jiƙe shi zai nuna maka silindar da nozul ɗinta ke zuba, sannan a juye baƙin man a ranar da aka sauya shi.